Yadda masu otisim suka shiga aikin haɗa manhaja, da abin da ya buɗe musu ƙofa

Tarihin da muka ɗauko yau ya yi nisa da gida. Ya faro daga Mosko da Viyana, ya bi ta Amurka, ya sauka a Danmak. Magana ce a kan mutanen da likitoci ke cewa suna da otisim, da yadda aka yi manyan kamfanonin kwamfuta suka koma neman su ruwa a jallo, bayan an daɗe ana kulle irinsu a gidajen masu taɓin hankali.

Sai mu fara da suna. Gidajen rediyon Hausa kan ce "galahanga", amma kalmar ga ta zama kamar buhu, kowane yaro da ya fita daban sai a jefa shi ciki. Don haka za mu riƙe sunan da likitocinmu ke faɗi da Faransanci, otisim. Yanayi ne na yadda ƙwaƙwalwa ta ginu, da shi yaro ke tasowa, da shi yake tsufa. Mai shi yakan sha wuyar karanta fuskar mutane ko gane habaici, yana son komai ya bi tsarin da ya saba, ƙara ko haske mai yawa na iya damun sa fiye da kowa. Sannan in ya kama abu guda sai ya san shi ciki da bai. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta taɓa kiyasta kusan yaro ɗaya cikin ɗari. Ke nan ba wata babbar unguwa a Maradi, Damagaram, Tawa ko Yamai da za a ce ba su a ciki.

Wadda ta fara bayyana shi dalla-dalla a rubuce wata likita ce, Grunya Sukhareva, a Mosko cikin 1925. Yara maza shida ta bibiya a wata makarantar kwana ta jinya. Ta rubuta kaɗaicinsu da yadda ba sa shiga wasan sauran yara, ta kuma rubuta cewa akwai gwanin goge a cikinsu, akwai wanda in ya ga lamba ba ya mantawa. Aikin ya fito da Jamusanci a 1926, sai aka manta da shi har tsawon shekara saba'in, kafin a fassara shi zuwa Ingilishi a 1996.

A 1943 Leo Kanner, likitan yara a asibitin Johns Hopkins na Baltimo, ya wallafa bayanin yara goma sha ɗaya. Na farko a jerin shi ne Donald Triplett, ɗan wani ƙaramin gari mai suna Forest a jihar Misisipi. Wanga yaro tun yana ƙarami an kai shi gidan ajiye yara marasa lafiya, iyayensa suka kasa jurewa suka ɗauko abinsu. Ya yi karatu har jami'a, kuma abin da zai ba ku dariya, Faransanci ya karanta. Ya yi aiki shekaru da dama a bankin da danginsa ke da hannu a ciki, ya tuƙa mota, ya zaga ƙasashe shi kaɗai, ya rasu a 2023 yana da shekara 89. Yana iya ninka manyan lambobi a ka, gaskiya ne. Amma duk wanda ya karanta labarinsa zai ga abin da ya riƙe shi shi ne garin da ya san halinsa, da wurin aikin da bai nemi ya zama wani mutum daban ba.

Shekara ɗaya bayan Kanner, a 1944, Hans Asperger ya wallafa nasa a Viyana kan yara maza huɗu. Shi ne ya fi jaddada cewa irin yaran ga, in suka samu mai yi musu jagora, suna iya yin fice a lissafi da sana'o'in fasaha. An daɗe ana yabon sa da wannan magana. To amma Viyana ta lokacin tana hannun ƴan Nazi, kuma a 2018 wani masanin tarihi, Herwig Czech, ya fito da takardun da suka nuna Asperger ya sa hannu an tura wasu yara asibitin Spiegelgrund, inda aka kashe yara kusan 800. A wancan tsari, yaron da aka ga zai amfani gwamnati ana raya shi, wanda aka ga ba zai yi aiki ba an gama da shi. Ku riƙe wannan a zuci, za mu sake cin karo da inuwarsa a gaba.

Shekarun da suka biyo baya na baƙin ciki ne, ba za mu tsaya a kansu ba. An ɗora wa uwaye laifi, wai sanyin zuciyarsu ne ya sa ɗiyansu suka janye daga duniya, ra'ayin da Bruno Bettelheim ya yaɗa da littafinsa na 1967. Binciken tagwaye da aka fara a ƙarshen shekarun 1970 ya nuna gado ne ke da babban kaso, ra'ayin ya faɗi, ko da yake a Faransa ya fi daɗewa.

A daidai wannan lokaci wata sabuwar sana'a na tasowa a gefe, ba wanda ya haɗa ta da maganar otisim. Na'urar ENIAC, ɗaya daga kwamfutocin farko, mata shida ne suka fara tsara mata aiki a 1945 da 1946. Da na'urorin suka yawaita a shekarun 1950 da 1960 sai kamfanoni suka rasa ma'aikata, ga shi lakwal ɗin da ke koyar da abin ba su da yawa. Sai aka koma gwajin hali. A 1966 wasu masana biyu, William Cannon da Dallis Perry, suka yi wa masu rubuta manhaja 1,378 tambayoyi, galibinsu maza, don su gano wane irin mutum ne ke jin daɗin aikin. Suka ce suna son warware wasa ƙwaƙwalwa, kuma ba su damu da hulɗa da mutane ba. Kamfanoni suka ɗauki wannan suka mai da shi ma'auni. Masanin tarihi Nathan Ensmenger ya nuna yadda abin ya zama kamar mai tankaɗe da ke mamakin garinsa ya yi laushi: an tace an ɗauki marasa son surutu, daga baya aka ce ai dama sana'ar ta marasa surutu ce. Mata da yawa sun fita ta wannan rariya. Su kuma waɗanda yau za a ce suna da otisim, wasunsu sun shiga ta nan ba tare da kowa ya san sunan abin da ke tare da su ba, har su kansu.

Mene ne a cikin aikin da ya dace da su? Manhaja, wadda ƴan lakwal ke cewa lojisiyal, jerin umarni ne da ake rubuta wa na'ura, wani lokaci layi miliyoyi. Na'ura ba ta san kara ba, ba ta san "ka dai gane abin da nake nufi" ba. Abin da aka rubuta shi za ta yi, ko da shirme ne. Ranar 4 ga Yuni 1996 rokar Turai Ariane 5 ta tashi daga Kuru, a Giyana ta Faransa, ba ta cika minti guda a sama ba ta tarwatse da tauraron ɗan adam huɗu a cikinta. Da aka bincika sai aka tarar an kwaso wani yanki na manhajar tsohuwar roka Ariane 4, wanda ke zuba wata lamba a ma'aji ƙarami. Sabuwar rokar ta fi gudu, lambar ta yi wa ma'ajin yawa, na'urar tuƙi ta rikice. Shi ya sa kowane kamfanin kirki ke da masu gwaji, waɗanda aikinsu shi ne su bi manhaja lungu-lungu, su danna abu guda sau ɗari ta hanyoyi daban-daban, su rubuta duk inda ta karkace. Yawancinmu a karo na talatin ido ya gaji, sai mu fara ganin abin da muke tsammani maimakon abin da ke gabanmu.

A 1983 Amitta Shah da Uta Frith a Landan suka yi wani gwaji mai sauƙi. Ana ba yaro zane mai cunkoso, a ce ya nemo wata ƙaramar siffa da ke ɓoye a ciki. Yara masu otisim suka fi sauran. Bayanin Frith shi ne, mu saura idonmu na gaggawar haɗa hoto gaba ɗaya har ƙananan abubuwa su ɓace mana, su kuwa ƙananan ne ke fara faɗo musu. Shekara biyu kafin nan, a 1981, Lorna Wing, likita kuma uwar yarinya mai otisim, ta farfaɗo da aikin Asperger, ta kuma kafa ra'ayin cewa abin mataki-mataki ne, daga wanda ba ya magana sam har zuwa farfesan jami'a. Da littafin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ya karɓi wannan a 1994, sai manyan mutane masu aure da ɗiya suka fara gane kansu, sau da yawa a ranar da aka kai ɗansu ganin likita.

Daga nan aka fara ƙirga. Simon Baron-Cohen na jami'ar Kambirij ya ruwaito a 1997 cewa a cikin ubannin yara masu otisim, injiniyoyi sun ninka na sauran ubanni fiye da sau biyu. A Disamba 2001 ɗan jarida Steve Silberman ya rubuta a mujallar Wired cewa yaran da ake samu da otisim sun yawaita a Silicon Valley, cibiyar kamfanonin fasaha ta Amurka, maganar ta zaga duniya. Bayan shekara goma aka gwada batun a Holan. A yankin Eindhoven, mahaifar kamfanin Philips, makarantu suka ba da yara 229 cikin kowane 10,000, alhali a Haarlem 84 ne, a Utrecht 57. Alƙaluman na da ɗaukar ido, sai dai mu a ganinmu ba su kai a yi rantsuwa a kansu ba, domin garin da ke da iyaye masu ilimi da likitoci masu yawa dole ya fi gano yaransa.

Duk wannan magana ce ta masana da ƴan jarida. Wanda ya mai da ita albashi wani uba ne a Danmak, Thorkil Sonne, babban ma'aikacin fasaha a kamfanin tarho na TDC. An gano ƙaramin ɗansa na da otisim yana shekara uku. Sonne ya shiga ƙungiyar iyaye, ya riƙa haɗuwa da samari masu basira da ke zaune gida ba aiki, ya fara tunanin haka nasa zai ƙare. Wata rana, yaron na da shekara bakwai, ya ɗauki takarda ya zana wasu akwatuna a jere da lambobi a cikinsu. Uban ya rasa gane ko mene ne, sai can ya tuna da littafin taswirar hanyoyin Turai da ke gidan. Ya ɗauko ya buɗe shafin farko, inda aka raba nahiyar gida-gida da lambar shafin kowane yanki. Yaron ya kwafe shi da ka, ba kuskure. Sonne ya shekara goma sha biyar yana neman masu irin wannan ido a wurin aikinsa, yana biyan su kuɗi mai kauri.

A 2004 ya ajiye aiki, ya jinginar da gidansa, ya buɗe kamfani mai suna Specialisterne, wato ƙwararru. Kwangilar farko daga tsohon wurin aikinsa ta zo, gwajin manhajar tarhon hannu. Abin da ya fi muhimmanci a labarin, a namu karatun, shi ne yadda ya ɗauki ma'aikata. Ya soke hirar ɗaukar aiki. Ku dubi abin da wannan hira ke aunawa: ka shigo da fara'a, ka kalli mai tambaya cikin ido, ka yabi kanka daidai wa daida, in an ce "faɗa mana rauninka" ka san amsar da ake so. Mai otisim in ka tambaye shi ko ya iya wani yaren kwamfuta, yana iya cewa a'a don akwai sashe guda da bai gama ƙwarewa a kai ba, alhali ya fi kowa a ɗakin. Wani kuma da ya leƙa littafin sau biyu zai ce ya iya, shi za a ɗauka. Sonne sai ya baje wa masu neman aiki kayan Lego, irin waɗanda ake haɗa ƙaramin mutum-mutumi a rubuta masa umarni, ya bar su da shi. Ana kallon yadda kowa ke warware matsala, me ke rikita shi, awa nawa yake iya yi kafin ya gaji, ko ya fi aiki shi kaɗai ko da mutum guda a gefe. A farko watanni biyar ake yi ana wannan nazari, ƙananan hukumomin Danmak ke biya.

A nan dole mu ɗan yi murmushi, don abin da Turawa suka kira sabon salo shi ne abin da kowane maigidan gareji ko tela ko mai gyaran tarho a bakin kasuwa ke yi tun fil azal. Ba ya tambayar yaro inda yake hangen kansa nan da shekara biyar. Yana miƙa masa sukurdireba ne ya zuba ido. Haka kuma yaron da ba ya kallon babba cikin ido, wanda a Turai nan take za a sa masa alamar tambaya, a wurinmu sai a ce mai kunya ne. Inda muke kayar da su shi ne gaisuwa. Wanda bai iya jan "ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina ɗiya" ba, ko ya faɗa wa dattijo kuskurensa a gaban mutane don shi gaskiya kawai ya gani, an gama yanke masa hukunci: miskili, marar tarbiyya, ko a ce iska ta taɓa shi.

Manyan kamfanoni sun biyo baya. A Jamus Dirk Müller-Remus, shi ma uban yaro mai otisim, ya kafa Auticon a Balin cikin 2011. A Mayu 2013 kamfanin SAP, bayan wani ƙaramin gwaji a ofishinsa na Bangalor a Indiya, ya yi shelar cewa nan da 2020 kashi ɗaya cikin ɗari na ma'aikatansa za su zama masu otisim, kimanin mutum 650. Microsoft ya buɗe nasa shirin a Afrilu 2015, ya maye hirar yini guda da kwanaki na aiki tare. Gyare-gyaren da ake yi a biro ba su da tsada: abin toshe kunne, tebur a lungu nesa da kai-komo, a rubuta umarni maimakon a faɗa a tsaye, a sanar da canji tun da wuri, a naɗa abokin aiki guda da za a iya tambaya ko me shugaba ke nufi. Shugabannin sassa da dama sun ce da suka koyi ba da umarni a fili, sauran ma'aikatan ma sun huta. A 2019 wani matashi da ya shigo SAP ta wannan shiri, a sashen biyan kuɗi na Buwenos Aires, ya ci babbar kyautar ƙirƙira ta kamfanin, saboda manhajar da ya haɗa ta mai da aikin kwana biyu ko uku ya koma na mintoci.

To, ga inda labarin ke da ƙura. Shekarar 2020 ta zo, adadin da SAP ke bayarwa na waɗanda ke cikin shirin bai wuce wajen ɗari biyu ba. Sonne ya sa wa kansa burin guraben aiki miliyan ɗaya, har yau da sauran tafiya mai nisa. A Birtaniya, ƙasa mai dokokin kare naƙasassu, hukumar ƙididdiga ta samu a 2020 cewa kashi 22 cikin ɗari kacal na manya masu otisim ke da aiki, suna can ƙasan jerin rukunan naƙasa. A shekarar kuma wasu masu bincike, wasunsu daga jami'ar La Trobe ta Ostireliya, suka tattara duk binciken da aka yi kan wannan fifiko da ake ta yaɗawa, suka ce hujjar da aka samo daga ainihin wuraren aiki kaɗan ce ƙwarai. Gwanintar gano siffa a zane an tabbatar da ita a ɗakin gwaji. Cewa kowane mai otisim gwanin kwamfuta ne, wannan talla ce.

Kuma tallar na da waɗanda take cutarwa. Kusan ɗaya cikin uku na masu otisim na da raunin fahimta tare da shi, wasu ba sa magana sam, suna buƙatar mai kula da su har tsufa. Akwai masu son kiwon dabbobi, zane, ɗinki ko girki, da ba ruwansu da lissafi. Mata kuma an fi makara wajen gano su, don sun fi iya kwaikwayon mutane su ɓoye wahalarsu. In hujjar mutunta mai otisim ita ce yana kawo wa kamfani riba, to waɗannan fa? Inuwar Viyana da muka ce ku riƙe ke nan. Ba muna haɗa kamfanonin yau da ƴan Nazi ba ne, Allah ya sawwaƙe. Ma'aunin ne dai ke da kama, kuma masu otisim da ke fafutukar kansu sun daɗe suna nuna shi da yatsa, tun shekarun 1990 da suka fara haɗuwa a intanet, wurin da ba a buƙatar kallon ido.

Wani bincike da masana uku suka wallafa a 2015, Meredith Morris da Andrew Begel da Ben Wiedermann, ya tambayi injiniyoyin manhaja masu otisim da makamantan yanayi su da kansu. Sun ce suna ganin sun fi abokan aikinsu gano tsarin da ke maimaita kansa a rubutun manhaja, da bin ƙa'idar rubutu sau da ƙafa. Koke-kokensu kuwa kusan duk a wajen allo suke: hayaniyar babban ɗakin da kowa ke zaune tare, taron da ba a san ƙarshensa ba, saƙon da aka fahimta a baibai. Da yawansu ba su shigo ta wani shiri na musamman ba, ta ƙofar kowa suka shigo, kuma ba su faɗa wa shugabanninsu halin da suke ciki ba, don tsoron a canja musu kallo.

Sana'ar ma ba ta tsaya wuri guda ba. Gwajin hannu da Sonne ya fara da shi yanzu manhaja ce ke yin kaso mai yawa nasa, ita ke danna maɓallin sau ɗari cikin daƙiƙa. Specialisterne da Auticon sun faɗaɗa zuwa tace bayanai, tsaron intanet da rubuta manhajar gwajin kanta, ayyukan da ke neman karatu mai zurfi fiye da na 2004. Specialisterne na da rassa a ƙasashe fiye da goma yau, mafi yawansu a Turai da nahiyar Amurka.